Wutsiyar Auta

Har yau akwai masu cewa na ɗaure namiji mai gemu kamar akuya. Matar mai injin niƙa ta faɗa a gabana, a bakin shagona, wai tunda take ba ta taɓa jin macen da ta yi wa ɗan'uwanta irin abin da na yi ba. Na ce ta je ta ji da injin mijinta da ke cinye wa mutane gari. Amma tunda maganar ta ƙi mutuwa, bari in rubuta yadda aka yi, mai zagina ya zage ni da sani.

Auta ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ne na ƙarshe a ɗakin Inna, shi ya sa har furfura ta fito masa ba mai kiransa da wani suna. Tun yana rarrafe ba shi da gindin zama. Inna za ta ajiye shi a tabarma ta juya ɗaukar ludayi, kafin ta waiwayo sai a bakin ƙofa za a tsinto shi. A makaranta ni ce mai zuwa ba malamai haƙuri, don ta taga yake fita. Da aka gaji aka kai shi koyon ɗinki. Bai rufa wata ba ya dawo, wai keken gudu yake ta yi amma ba ya zuwa ko'ina. Aka kai shi wurin kafinta, ya ce ƙurar katako na sa shi atishawa. Aka kai shi gyaran rediyo, ya ce shi ba zai tsufa a kan benci yana leƙen wayoyi ba. Ranar da wani abokinsa ya ba shi aron babur ya zagayo layinmu, Baba, Allah ya jiƙansa, yana zaune a ƙofar gida. Ya bi shi da kallo har ya sha kwana, sannan ya ce, "Shi ke nan, an ɗauke mana yaron nan." Muka yi ta dariya.

Ya fi shekara ashirin yana ɗaukar fasinja. Zan faɗi gaskiyarsa, ban taɓa ganin mai sarrafa babur kamarsa ba. Duk ratar da kan babur zai shiga, Auta ya wuce, ko tsakanin mota da mota ne, ko tsakanin mota da kwata. Na taɓa hawa bayansa a cikin cunkoso, na sauka gwiwoyina na ciwo saboda matse su da na yi ta yi. Na ce, "Kai wai yaushe kake auna hanyar?" Ya ce, "Yaya, ai ido ba ya awo. Kafaɗa ce ke awo. In kafaɗata ta ce wuce, na wuce."

Matsalar ita ce gari ɗaya ba ya isarsa. Da ya ji an ce can wani wuri fasinja sun fi yawa, ko titi ya fi kyau, sai ƙafarsa ta fara rawa a kan tabarmar cin abinci. Alamarsa ɗaya ce, kuma duk gidan mun haddace ta: aski. Zai je ya aske kansa ƙwal, washegari a wayi gari ba shi ba babur. Ba ya sallama, wai sallama na sa ƙafa nauyi. Matarsa, wadda muke kira Maman Biyu, ita ta goyi tagwayenta ta yaye su ta aurar da su, uban yana zuwa kamar baƙo da leda a hannu.

A irin wannan tafiyar Baba ya kwanta ciwon ajali. Muka nemi Auta a waya, ya canza layi. Baba kullum idonsa na kan ƙofa. Auta bai iso ba sai bayan an share makoki, an naɗe tabarmi, an mayar wa maƙwabta bencinansu. Ya faɗi a tsakar gida yana kuka kamar ransa zai fita, har na tausaya masa. Gashinsa na gama tsirowa ya sake komawa wurin mai aski. Wannan abin ya tsaya mini a rai, kuma har gobe bai wuce ba.

Ni kuwa bayan rasuwar mijina na dawo gidanmu, na buɗe ɗan shago a jikin bangon ƙofa, ina sayar da sabulu da man girki da ashana da irin su. Ƙafafun Inna suka daina ɗaukarta, muka dawo da ita ɗakin da ke kusa da madafa don ta riƙa jin motsinmu. Likitan asibitin unguwa ya ja ni gefe ya ce zuciyarta ta gaji, magani sai dai na lallaɓawa, mu ba ta duk abin da ranta ke so. To abin da ranta ke so ɗaya ne. Kullum da safe kafin ta tambayi ruwa sai ta ce, "An ji daga Auta?" Na rantse a raina Inna ba za ta tafi tana kallon ƙofa kamar yadda Baba ya tafi ba.

Ana cikin haka sai ga shi ya dawo da kansa. An hana babur ɗaukar fasinja a garin da yake, a namu kuma masu keke mai ƙafa uku sun kwashe fasinjan kaf. Ya zauna a gida yana ta juyi, daga ɗaki zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa ɗaki. Na san ba zai daɗe ba. Na je wurin Mai Walda da ke bakin layinmu, abokinsa ne tun suna tsallake taga tare, na ce ya samo mini sana'ar da za a yi da babur amma ba za ta fita gari ba. Ya sosa ƙeya ya ce, "Yaya, sai dai tirela."

Da gadon ƙarfen aurena aka yi ta, da tayoyi biyu na wani keke mai ƙafa uku da ya mutu. Aka shimfiɗa katako a ƙasa, aka tayar da ƙarfe a gefe da gefe. A gaba akwai dogon ƙarfe kamar wuya, ƙarshensa zobe. Zoben yana shiga wani baki da aka liƙa a bayan sirdin babur, sai a zura ƙusa mai kaurin babban yatsa daga sama ta riƙe su. In ka zare ƙusar, babur daban, tirela daban. Ranar da aka turo ta ƙofar gida 'yan layi suka sa mata suna wutsiya, sunan kuma ya bi ta.

Auta ya zagaya ta yana yatsina. Ya ce, "Ni za a ɗaura wa wannan? An ce miki ni jaki ne?"

Na ce, "Ina ma jakin ne. Shi ko ba komai yana kwana a gida."

Ya hau ne don ya nuna mini ba za ta yi ba. A kwanar farko ta kusa kifar da shi, sai abin ya zama gardama tsakaninsa da ita, kuma Auta ba ya barin gardama. A hankali ya koyi halinta. Kaya mai nauyi a kan tayoyi ake ɗora shi, a ɗan matso da shi gaba. In nauyi ya koma baya, sai ta ɗage wa babur gindi ta fara kaɗawa hagu da dama har ta watsar da mutum. Ba ta da birki, don haka in ka taka naka ita ba ta ji ba, turo ka take yi, dole tun daga nesa ka fara rage gudu. Babur kuma ba shi da ribas. In ya shiga lungu mai ƙunci zai juya, sai ya sauka, ya zare ƙusa, ya juya wutsiya da hannu, ya juya babur, ya sake haɗawa. Yana yi yana zagin gadon aurena.

A kasuwa ya samu aiki, ɗaukar buhunan albasa da gawayi da hatsi daga inda manyan motoci ke saukewa zuwa rumfuna. Kafin mai amalanke ya kai sahu ɗaya Auta ya je ya dawo ya sake komawa, don haka masu amalanke ba su ƙaunar ko jin ƙarar injinsa. Da yamma yana dawowa a gajiye, ya yi wanka, ya shiga ɗakin Inna ya zauna yana shafa mata mai a ƙafa, tasa ƙafar na rawa. Inna ta fara cinye abincinta. Har dariya ta dawo yi, irin wadda take rufe baki da gefen zane.

Abu ɗaya ne ya gagare shi koya: faɗi. Kansa ya san akwai wutsiya a baya, kafaɗarsa ba ta sani ba. Shekara ashirin tana auna faɗin babur, ba za ta sake karatu da tsufa ba. Ya kankare bangon gidanmu, ya kwashe bencin mai aski, ya fasa wa maƙwabciyarmu randa. Mai Walda ya sa masa dogayen madubai, bai taɓa kallonsu ba. In na yi magana sai ya ce, "Na manta tana nan ne, Yaya." Kullum ya manta.

Ranar da abin ya faru, safiya ce da kayan gwari suka shigo da yawa. Wata babbar mota ta tsaya a bakin ƙofar kasuwa ana sauke mata kaya, ta cinye fiye da rabin ƙofar. Masu amalanke sun yi layi suna jiran ta gama. Auta ya iso da buhunan albasa har sama. Jira ba ya cikin jininsa. Ya hango rata tsakanin motar da ginshiƙin ƙofa, kafaɗa ta ce wuce, ya murɗa. Babur ya wuce sumul. Wutsiya ta cije. Taya ɗaya ya shige ƙarƙashin motar, ƙarfen ɗaya gefen ya kafe a jikin ginshiƙi. Maimakon ya kashe inji sai ya ƙara wuta, ƙusar ta lanƙwashe a cikin zobe, ba ta zaruwa. Ba gaba ba baya. Direban motar kuma ya tafi cin abinci da makulli a aljihu, ba wanda ya san rumfar da ya shiga.

Wata mai sayar da barkono ce ta kira ni a waya. Na rufe shago na taho da gudu, ɗankwali a hannu. Na tarar da kasuwa ta tsaya cak. Na ciki ba su fita, na waje ba su shiga, kwandunan tumatir na dahuwa a rana, mata na ta ihu. Masu amalanke kuwa sun samu abin da suke so, sun hau kan kayansu suna kallo.

"Mai wutsiya, ja mana!"

"A ba shi ciyawa, yunwa yake ji!"

"Ku shafa masa man girki a kwankwaso, zai zame!"

Auta na tsaye gumi na ɗiga daga gemunsa, yana ta jijjiga ƙusa da hannu biyu har fatar tafinsa ta sale. Sai da aka sauke buhunan ɗaya bayan ɗaya ana miƙa su ta saman kawunan mutane, aka aika aka taho da Mai Walda da guduma ya daki ƙusar ta fita, sannan aka ɗaga wutsiyar a karkace aka fitar. Lokacin rana ta take sosai. Direban ya dawo yana sakace, ko kallonsa ba wanda ya yi.

Kafin la'asar shugaban kasuwa ya yanke hukunci: daga yau babu babur mai jan tirela da zai sake shiga kasuwa. Babur mai jan tirela kuma guda ɗaya ne a duk garin. Washegari na ci ɗamara na tafi ofishinsa. Ɗaki ne a saman bene, da fanka da ƙatuwar kujera da ta fi ƙarfinsa.

Ya ce, "Hajiya, ƙaninki ya toshe mana kasuwa tun safe har rana. Kin san tumatir nawa ya lalace?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, motar wa ce a bakin ƙofa?"

"Ba maganar mota muke ba."

"Ni kuwa maganar mota ta kawo ni. Duk kasuwa ta san ta surukinka ce."

Ya sha mur. Ya ce motar kullum nan take tsayawa, kowa ya sani, kowa yana jira, me ya hana ƙanina jira? Wannan kam gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta ƙara tunzura ni. Na ce masa in ƙofar kasuwa garejin gidansu ce ya rubuta ya liƙa mu sani. Na ce wanda ya toshe rabi da gangan yana can yana sakace, wanda ya toshe sauran bisa kuskure shi aka raba da abincinsa. Na ƙara da wasu maganganu game da kujerarsa da ba zan rubuta ba. Ya kira mai gadi ya raka ni har ƙasan bene. Maman Biyu ta ce da na je da lallami da wataƙila ya sassauta. Ita ta san lallami, shekarunta nawa tana yinsa, ban ga abin da ya tsinana mata ba.

Auta ya ɗaure wutsiya da sarƙa a gefen shagona, don dama ba ta shiga ƙofar gida, a waje take kwana. Ya fara zagaya unguwa da babur zalla. Ku ga fuskarsa! Kamar wanda aka sauke wa dutse daga ka. Yana kwantar da babur a kwana, yana kutsawa tsakanin motoci ba gaira ba dalili. Ya canza baƙin mai. Ya sayi sabon taya na baya. Na ce masa masu bulo da 'yan katako na neman mai ɗaukar kaya, ya ce zai duba. A wannan satin ƙafafun Inna suka kumbura har gwiwa, ko rabin kofin shayi ba ta iya shanyewa.

Ina shago da rana ina auna wa wata mata mai sai ga Maman Biyu ta leƙo, fuskarta fayau. Ta jira matar ta tafi, sannan ta ce a hankali, "Yaya, ya tafi aski."

Na ce, "Da babur?"

"A ƙafa. Ya wanke shi, ya ce kada ya yi ƙura."

Ban tsaya tunani ba. Na ce ta kama mini. Muka turo babur daga tsakar gida, makullin wuyansa ya daɗe da lalacewa. Na kwance sarƙa, muka ja wutsiya muka haɗa, na zura sabuwar ƙusar da Mai Walda ya yi. Sannan muka tura, ni a gaba riƙe da kai, ita a baya, mata biyu da zane da silifa, babur na neman kwanto mini a jiki kowane taku. Mutanen layi suka fito cirko-cirko. Wani tsoho ya ce, "Hajiya, mai ne ya ƙare?" Na ce, "Haƙuri ne ya ƙare, Baba."

Mai Walda na ganinmu ya ɗage gilashin fuskarsa. Na nuna masa ƙusar na ce, "Liƙe ta."

Ya ce, "In liƙe me?"

"Ka ji ni sarai. Ka liƙe yadda ba za ta sake zaruwa ba."

"Yaya, so kike ya kashe ni?"

"Kafin ya iso ni na kashe ka. Ɗauko wutarka."

Ya durƙusa ya duba. Ya ce in ya liƙe ta da zobe gaba ɗaya, babur ba zai iya shan kwana ba, kwanar farko zai faɗi. Sai dai ya liƙa ƙaton noti a ƙasan ƙusar, ta riƙa juyawa amma ba ta fita. Na ce ya yi hakan. Ya ce, "Kin san fa daga yau ba zai iya juyawa a lungu ba. Duk inda ya shiga sai ya zagaya ya fito ta wani bakin."

Na ce, "Ya zagaya duniya ma, in dai a gida zai kwana."

"Kuma kowane mai walda a garin nan zai yanke wannan kafin shayi ya huce."

"Na sani."

Ya dube ni, ya dubi Maman Biyu da ke share hawaye da bakin mayafi, ya sauke gilashinsa. Muka juya baya saboda hasken.

Auta ya dawo kansa na ƙyalli, yana fito. Ya tarar da babur a ƙofar gida da wutsiya a bayansa. Ya yi tsaki, ya kama ƙusa ya ja. Ta juya, ba ta fito ba. Ya sake ja. Ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ya ga notin da sabuwar walda, ya miƙe a hankali.

"Wane ɗan iskan ne ya taɓa mini babur?"

Ina zaune a kan kujerar shago na ce, "Ni ce 'yar iskar."

Layin ya yi tsit, har mai injin niƙa ya kashe injinsa.

"Yaya, ni fa ba yaro ba ne."

"Na sani, ga furfura nan ina gani."

"Sun kore ni daga kasuwa. Me kike so in ci a garin nan? Bango?"

"Masu bulo na nan. 'Yan katako na nan. Hanyarsu da faɗi, ko kai ba za ka iya toshe ta ba."

"Wallahi yanzu zan je a yanke."

Na ce, "Je ka, ban riƙe ka ba. Amma ka bi ta ɗakin Inna tukuna, ka gaya mata da bakinka. Ni na gama aikin cewa yana hanya, ya kusa. Na yi wa Baba har ya rufe ido, ba zan yi wa Inna ba."

Kamar na watsa masa ruwan sanyi. Ya shiga gida, na bi bayansa, kuma eh, na laɓe a bakin ƙofa, gidan ubana ne. Ya durƙusa gaban gadon. Inna ta miƙa hannu ta shafa kansa, ta daɗe tana shafawa.

Ta ce, "Ka yi aski."

Ya ce, "Zafi ne ya yi yawa, Inna."

Ta ce, "To." Ta ja numfashi da ƙyar. Can ta ce, "Ka nemi hula ka sa. Rana za ta ci maka kai a hanya."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba ta roƙe shi ba, ba ta yi kuka ba. Ya fito idonsa jajur, ya wuce ni kamar bai gan ni ba, ya daki babur ya tayar, ya nufi bakin layi, wajen shagon Mai Walda. Maman Biyu ta damƙe mini hannu. Muka ga ya rage gudu a gaban shagon, har ya sauke ƙafa ɗaya. Sannan ya murɗa ya wuce, ya sha kwana.

Wucewar ba ta kwantar mini da hankali ba, masu walda sun fi a ƙirga a garin nan. Yinin nan ban san abin da na sayar ba. Mai neman ashana na miƙa masa sabulu. In na zauna sai in miƙe, in na ji ƙarar babur sai in leƙa. Maman Biyu ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Inna ta kira ni ta ce in gyara mata filo, ba ta tambayi komai ba.

Rana ta yi sanyi sosai sai ga shi ta ɗaya bakin layin, fari fat da ƙurar siminti tun daga ƙwalƙwalin kansa har ƙafa, wutsiya na biye tana ƙara. Ya kashe inji, ya ɗaure duka biyun da sarƙa a gefen shago, tunda yanzu babur ma ba ya shiga gida. Bai kalle ni ba. Ya ce wa matarsa, "Akwai ruwan wanka?"

Haka aka ci gaba wata da watanni. Yana ɗaukar bulo da katako da buhunan siminti zuwa wuraren gini. Don ya sauke kaya a gida na uku a lungu sai ya ratsa unguwa guda ya fito ta baya, yana ƙona mai yana zagina a fili. Wata rana ya shiga lungun da ba ya ɓullewa, sai da magina suka taru suka ɗaga babur da wutsiya tare suka juya su kamar ana juya gado. Labarin ya zaga gari, daga nan ne aka fara maganar akuya. Gaisuwa tsakanina da shi ta koma "an tashi lafiya" a tsaye, ba ya jiran amsa. Kullum da safe in zai wuce, Mai Walda sai ya ɗaga injin yankan ƙarfe ya ce, "Yau ne?" Auta ya ce, "Gobe." Ban san ko wasa suke ba, kuma kullum sai gabana ya faɗi. Gashinsa ya tsiro, ya yi tsawo har ya fara cukurkuɗewa, Maman Biyu ta rage masa da almakashi a tsakar gida.

Da hantsi ne jikin Inna ya rikice. Maman Biyu ta kira shi, ya taho da lodin katako bai sauke ba, ya bar shi a tsakiyar layi ya toshe hanya, ba wanda ya ce uffan. Ya shiga ya ɗora kanta a cinyarsa. Ta riga ta daina magana, amma ta buɗe ido ta gan shi, ta daɗe tana kallonsa. Yana riƙe da ita yana mata addu'a a kunne har ta cika. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.

Bayan an share makoki na je bakin layi da ƙafata na ce wa Mai Walda ya ɗauko injinsa. Ya zo ya durƙusa a ƙofar shago, wuta ta yi tartsatsi, notin ya faɗo ƙasa. Auta na tsaye yana kallo, bai ce na gode ba, ni ma ban nema ba. Ya ƙara 'yan makonni yana aikin bulo, yana zare ƙusa yana mayarwa yadda ya ga dama. Sannan ya tafi. Yanzu yana can wani gari da aka ce titunansa sababbi ne, yakan kira jefi-jefi, kowane kira da sabuwar lamba.

Da ya tafi Maman Biyu ta daina shigowa shago. Na bar ta kwana biyu, sannan na same ta a bakin famfo tana tara ruwa. Na ce, "Ke kuma me na yi miki?"

Ta ce, "Da kin bar notin nan, Yaya."

Na ce, "Don Inna na liƙe, Inna kuma ta tafi. Ke ki liƙe naki mana."

Ta ɗago ta dube ni, ruwa na zuba daga bakin bokiti a kan ƙafarta. Ta ce, "Da me?"

Na miƙa hannu na kashe mata famfon, na kama bokitin ta gefe ɗaya, muka kai shi ɗaki.